Dutsen da ya ƙi bin hanya: nazarin lamarin wani mai koyon haɗa wasan waya a Maraɗi

## Asalin lamarin

Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, haifaffen Maraɗi, yana tsare wa yayansa shagon caji da turi kusa da babbar kasuwa. Ya yi lakwal har ya samu Bak, takardar kammala lise, a sashen A, na adabi da harsuna. Ba son adabi kaɗai ya kai shi can ba. Tun yana koleji lissafi ke ba shi kashi, da ƙyar ya haye BEPC, jarrabawar ƙarshen koleji, shi ya sa da aka zo zaɓen sashe a lise bai ko waiwayi C da D na lissafi da kimiyya ba.

A shagon ne tunanin ya zo masa. Kullum yara na kawo wayoyi a tura musu gem, kuma duk abin da ake turawa motocin tsere ne a titunan Turai ko sojoji a garuruwan da ba wanda ya sani. Ya ƙudurta zai haɗa nasa: yaro a gonar hatsi gab da girbi, da danƙo a hannu, yana korar tsuntsayen jan-baki kafin su cinye zangarniya. Mai wasa zai riƙa zagaya gonar da yaron, ya ja danƙo da yatsa, ya saki. Kayan aikinsa tsohuwar kwamfutar cinya ce ta hannu, batirinta ba ya riƙe wuta sai na 'yan mintoci.

Kafin ya fara ya tambayi mutum biyu ko sai da lissafi. Wani ɗalibin kimiyya a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ya ce masa kada ma ya soma, wannan aikin 'yan sashen C ne. Wani abokinsa mai haɗa shafukan intanet ya ce ba ruwansa da lissafi, injin haɗa wasa, wato manhajar da ake gina wasan a ciki, zai yi masa komai. Ya ɗauki maganar na biyu, don ita ta fi masa daɗin ji.

## Maris zuwa Mayu 2023: tafiya ta miƙa

Ya zaɓi Godot, injin haɗa wasa na kyauta da wasu 'yan Ajantina biyu suka ƙirƙira, aka sake shi ga kowa a 2014. Zubi na 4 ya fito a farkon Maris 2023, daidai lokacin da yake neman abin farawa. Dalilinsa na zaɓar sa ba shi da wuyar ganewa: bai da nauyin saukewa, ba ya neman kuɗi, kuma tsohuwar kwamfutarsa na iya ɗaukar sa.

Wata uku na farko komai ya tafi salin-alin. Yana kallon darussan bidiyo na Faransanci da dare, yana kwaikwayo. Ya zana gona, ya zana yaron da 'yar shara da hular kaba, ya naɗi ƙarar garken tsuntsaye da wayarsa, ya sa maki suna ƙaruwa in an buge tsuntsu. Ya koyi sharaɗin "in kaza ta faru, yi kaza", ya koyi maimaita umarni, ya koyi ajiye lamba cikin suna. Duk wannan bai nemi abin da ya wuce tarawa da ɗebewa ba. Zuwa ƙarshen Mayu yana da abin nunawa, kuma maganar abokinsa ta yi kama da gaskiya.

## Yuni zuwa Yuli 2023: matsaloli sun fito

Da ya fara tura wasan a wayoyin yaran unguwa don gwaji, sai aibobi huɗu suka bayyana.

Na farko, gudun wasan ya bambanta daga waya zuwa waya. A kwamfutarsa da wayar yayansa yaron na tafiya daidai, amma a ƙananan wayoyi masu araha, waɗanda su ne a hannun yawancin yaran, komai na jan jiki kamar ana tafiya cikin laka.

Na biyu, in an tura yaron dama ko sama yana tafiya da gudu ɗaya, amma in an haɗa biyun ya yi karkace, sai ya ƙara sauri. Yaran sun gano wannan tun ranar farko, suka daina tafiya miƙe gaba ɗaya.

Na uku shi ya fi ci masa tuwo a ƙwarya, domin shi ne zuciyar wasan. Dutsen ba ya zuwa inda aka auna. In ya sa kusurwar harbi 45, dutsen na tashi sama fiye da yadda ya so, amma da ɗan dama-dama. In ya sa 30, sai dutsen ya nufi ƙasa, kusan kan ƙafar yaron. In ya sa 90 don ya tashi sak, sai ya karkata baya.

Na huɗu, wani lokaci dutse na ratsa tsakiyar tsuntsu ya wuce, tsuntsun na ci gaba da cin hatsi, ba maki.

## Abin da ya gwada bai yi ba

Ya fara da canza lambobi. In dutse ya yi ƙasa, ya ƙara goma. In ya yi sama, ya rage biyar. Ta haka ne ma tun farko ya gano cewa sai ya sa alamar ɗebewa a gaban wata lamba kafin dutse ya tashi sama, ya sa ta, bai san dalili ba. Ya kai ga rubuta jerin kusurwoyi da hannu, kowace da lambar da ya lalubo mata. Da zarar ya canza ƙarfin danƙon, jerin duka ya rushe. Don gyara jan jikin ƙananan wayoyi ya ninka gudun komai sau biyu, sai a manyan wayoyi wasan ya koma ba ya buguwa saboda sauri.

Daga nan ya koma kwafar kod ɗin wasu, wato rubutaccen umarnin da ke tafiyar da wasanninsu. Ya samo na wani wasan harbi, ya liƙa, dutsen ya tafi daidai. Amma wancan wasan bindiga ce mai harbi miƙe, shi kuwa yana son dutse ya yi baka ya faɗo. Da ya taɓa layi ɗaya don ya ƙara faɗowar, komai ya watse, kuma bai iya mayar da shi yadda yake ba, tunda bai san aikin kowane layi ba.

A tsakiyar Yuli ya yanke cewa ɗalibin jami'ar nan ne ya faɗi gaskiya. Ya je wurin masu sayar da tsofaffin littattafai ya sayi littafin lissafi na ajin ƙarshe na sashen C, ya fara daga shafi na ɗaya. Ya ci karo da darussa da alamomin da bai taɓa gani ba, kuma ko a babi ɗaya bai ga abin da ya haɗa su da dutsensa ba. Bayan 'yan makonni ya rufe littafin, ya rufe wasan. Ya gaya wa yayansa cewa aikin ba na irinsu ba ne.

## Agusta zuwa Disamba 2023: takarda da alƙalami

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, kuma a farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take turowa. Maraɗi na cikin garuruwan da ke shan wuta daga layin da ya taso daga Katsina, don haka kuran ya zama sai an gani. Shagon caji ya cika da jama'a, ɗan janareto da solar da ke akwai duk na wayoyin kwastomomi ne. Kwamfutar da batirinta ya mutu ba ta da rabo. Ko da yana son komawa wasan, ba hali.

Cikin masu kawo caji akwai wani dattijo, tsohon malamin lissafi na koleji da ya yi ritaya, yakan zauna a benci yana jiran wayarsa. Wata rana ya ga littafin sashen C an danne tulin rasit da shi, ya tambayi mai shi. Saurayin ya ba shi labari. Dattijon ya ce bai san komai game da kwamfuta ba, amma a zana masa abin da dutsen ke yi.

"Mushe, ni fa lissafi ba ya shiga kaina."

"Ɗana, ban ce ka yi lissafi ba. Cewa na yi ka zana."

Suka soma zama a zauren dattijon bayan la'asar, da littafin rubutu mai gidaje-gidaje irin na 'yan lakwal. Ƙa'idar da ya gindaya ita ce ba za a buɗe wani babi ba sai wata matsala ta wasan ta kira shi.

Sun fara da tafiyar karkace. Dattijon ya sa shi ya ƙirga gida ɗaya zuwa dama, gida ɗaya zuwa sama, ya ja layi daga inda ya tashi zuwa inda ya tsaya, ya auna da rula. Layin ya fi gida ɗaya tsawo. Ya tambaye shi ko ya taɓa ganin magini na fitar da kusurwar ɗaki: ya auna santimita 60 a bango ɗaya, 80 a ɗayan, in tsakaninsu ya ba da 100 cif, kusurwa ta tsaya. Saurayin ya sha gani. To ita ce ƙa'idar Fitagor da aka koya masa kafin BEPC ya haddace ya manta: 60 sau 60, a tara da 80 sau 80, daidai yake da 100 sau 100. In ɓangarorin biyu ɗaya da ɗaya ne, jimla 2 ce, tsawon layin kuwa lambar da in an ninka ta da kanta take ba da 2, wato kusan 1.414. Ke nan yaron da aka ce ya yi fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoton fuskar waya) 200 a daƙiƙa yana yin kusan 283 in ya karkata, ƙarin kashi 41 cikin ɗari. Maganin shi ne a raba kowane ɓangare da tsawon layin kafin a ninka da gudu, ta yadda kibiyar da ke nuna alƙibla tsawonta ɗaya ne ko ina ta fuskanta. Daga baya saurayin ya tarar Godot na da umarni guda da ke yin wannan. Ya sha wuce shi a kod ɗin da yake kwafa, bai taɓa sanin amfaninsa ba.

Ƙa'idar nan ta sake yi musu aiki wajen sanin ko dutse ya taɓa tsuntsu. In an ɗauki kowanne a matsayin da'ira, sai a auna nisan cibiyoyinsu: tazarar 30 a kwance da 40 a tsaye na nufin 50 tsakaninsu. In wannan nisa bai kai jimlar rabin faɗin su biyun ba, sun haɗu.

Jan jikin ƙananan wayoyi ya fi sauƙi, ko da yake a nan saurayin ne ya koya wa dattijon wani abu. Ya bayyana masa cewa motsin wasa hotuna ne ke sauyawa da sauri, waya mai ƙarfi na zana 60 a daƙiƙa, rarrauna ta tsaya a 30 ko ƙasa. Dattijon ya tambayi nawa yaron ke matsawa a kowane hoto. Fiksel 5. Ya ce to ya ninka da kansa. 5 sau 60 ya ba da 300, 5 sau 30 ya ba da 150. Saurayin ya ajiye alƙalami ya yi shiru. Ya ɗaure gudun ne da yawan hotuna, alhali da lokaci ya kamata ya ɗaure shi. Injin kuwa na miƙo masa tsawon lokacin kowane hoto cikin wata lamba mai suna delta, wadda yake gani a saman kod kullum yana tsallake ta. In gudu 300 ne a daƙiƙa, waya mai hotuna 60 za ta matsa 5 a kowane hoto, mai 30 ta matsa 10, su isa tare.

Maganar kusurwa ta ci kusan wata biyu, don sai da suka koma sinus da kosinus daga tushe. Dattijon bai fara da haddar komai ba. Ya zana kibiya mai tsawon gida goma a kusurwoyi daban-daban, ya sa shi ya ƙirga gida nawa ta ci gaba, gida nawa ta hau. A digiri 30 ta hau gida biyar, ta ci gaba kusan takwas da rabi da ɗoriya. Kosinus shi ne rabon gaba, sinus rabon sama. In danƙo ya saki dutse da gudun 600 a digiri 30, kusan 520 na tafiya gaba, 300 na hawa. Na gaban ba ya canzawa, na saman kuwa nauyi na zaftare shi kaɗan-kaɗan a kowane hoto har ya ƙare, ya juye ya zama faɗowa. Suka riƙa lissafa matsayin dutsen mataki-mataki suna ɗiga ɗigo a takarda, har bakan ya fito da kansa. Na ga shafin. Ɗigogin farko an goge su har takardar ta huje, na ƙasa kuwa sun jeru tsaf, da lambobi a gefen kowanne da jan biro.

Amma wannan bai bayyana dalilin da 30 ke harbin ƙafa ba. Dattijon ya nemi a faɗa masa inda kowace lamba ke kai dutsen, ya rubuta su, ya kwana da su. Washegari ya ce yana zargin injin ba da digiri yake auna kusurwa ba, da radiyan ne, ma'aunin da rabin da'ira yake 3.14 maimakon 180. Suka gwada a takarda. Radiyan 45 ya kai kusan digiri 2,578. In an cire zagaye bakwai cikakku, saura 58. Radiyan 30 ya bar 279, wato kusan ƙasa sak. Radiyan 90 ya bar kusan 117, sama da ɗan komawa baya. Ukun duka sun yi daidai da abin da dutsen ke yi tun watan Yuni. Abin da ya ɓatar da saurayin shi ne 58 ba ta yi nisa da 45 ba, sai ya ɗauka yana gab da daidai, ya yi ta ƙari da ragi a kan ginin da tushensa ne a karkace. Ita ma alamar ɗebewar da ya lalubo ta samu bayani: a fuskar Godot lambar tsaye na ƙaruwa ne in ana sauka ƙasa, saɓanin yadda ake zanawa a allon lakwal.

Ratsa tsuntsu shi kaɗai saurayin ya warware, a shago, tsakanin kwastomomi. In an ja danƙon ƙarshe dutsen na gudun 1,200 a daƙiƙa. A raba da 60, fiksel 20 a kowane mataki. Faɗin tsuntsu 16 ne. Dutsen na iya kasancewa gaban tsuntsu a hoto ɗaya, bayansa a na gaba, ba tare da an taɓa ganin su wuri ɗaya ba. Ke nan ba inda dutsen ya tsaya za a duba ba, layin da ya bi tsakanin mataki biyu za a bincika.

## Janairu zuwa Afrilu 2024: komawa kan kwamfuta

A Janairu ya samu ya canza batirin kwamfutar. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, wuta ta ɗan daidaita bayan haka. Gyaran matsalolin huɗu bai kai mako biyu ba, kuma kod ɗin ya ragu, bai ƙaru ba: dogon jerin kusurwoyin da ya rubuta da hannu ya koma layi uku. Don binciken layin da dutse ya bi, bai rubuta lissafin da kansa ba, ya yi amfani da abin da injin ya tanada. Bambancin kawai yanzu ya san abin da zai nema.

Wata sabuwar matsala ta taso a Maris. Ya sa yawan tsuntsaye na ninkuwa a kowane mataki na wasan, 2, 4, 8, kuma kowane tsuntsu na duba sauran don kada su hau juna. A mataki na takwas waya ta sandare. Wannan karon bai taɓa lamba ko ɗaya da ka ba. Ya ɗauko takarda: tsuntsaye 256, in kowane biyu za a gwada su, gwaji 32,640 ke nan a hoto ɗaya, kusan miliyan biyu a daƙiƙa. Ya mayar da ninki ya koma ƙarin uku-uku, ya cire duban junan. Cikin yini ɗaya ya gama.

Wasan ya kammala a Afrilu, mataki goma sha biyu. Bai shiga Play Store ba, don rajistar mai manhaja na neman dala 25 ta Amurka da katin biya ta intanet, shi kuwa ba shi da katin. Yana tura shi ne daga shago, yara na raba wa juna ta Xender.

## Abin da lamarin ya nuna

Mutum biyun da ya tambaya tun farko kowanne ya riƙe wani ɓangare, kuma kowanne shawararsa ta jawo masa asara. Gaskiya ne ana iya farawa ba lissafi, ya yi wata uku yana gini ba tare da shi ba, kuma da ya saurari ɗalibin jami'ar da bai fara ba sam. Gaskiya ne kuma injin na yin ƙididdiga. Abin da injin ba ya yi shi ne gaya wa mutum wace ƙididdiga ake buƙata. Umarnin daidaita kibiya, da delta, da mai juya digiri zuwa radiyan duk suna gabansa tun ranar farko. A ganina nan ne amsar take: wanda bai san lissafi ba zai iya haɗa wasa, amma ranar da abu ya karkace ba shi da hanyar gano dalili, sai lalube. Wasa kuwa, da yake motsi ne da nisa da lokaci, dole ya karkace.

Yawan lissafin da ya cece shi ba shi da yawa: Fitagor, rabo da ninki, sinus da kosinus, da fahimtar kibiya mai tsawo da alƙibla. Ban da radiyan, kusan duka na koleji ne, ya riga ya zauna a ajin da aka koyar da su. Littafin sashen C bai yi masa amfani ba don ya fara da amsoshin tambayoyin da bai riga ya yi ba. Abin da ya ba ni takaici a lamarin shi ne yadda saurayi mai wannan naci ya yi shekaru yana ɗauka kansa ne ba ya ja, alhali da aka ɗora lissafin kan dutsen da ya damu da shi, cikin wata biyar ya kai ga warware matsala shi kaɗai.

Rashin wutar ma ya taka rawa, ko da yake ba abin so ba ne. Muddin kwamfuta na kunne, canza lamba a sake gwadawa ya fi tunani sauƙi, kuma zai ci gaba da yi. A takarda ba maɓallin gwaji, sai ya faɗi inda dutsen zai sauka kafin ya gani.

Wannan hukunci na wasa ne mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, irin nasa. Yanzu yana maganar wasan kokawa mai zurfi uku, inda kyamara za ta zagaya 'yan kokawa a fili. Can za a buƙaci kibiyoyi masu ɓangare uku da jadawalin lambobi na juya jiki, abubuwan da ba a koyarwa a koleji. Dattijon ya ce masa ya fara ginawa tukuna, ya kawo matsalar farko da ta tsayar da shi.